Daga Dablin zuwa Belfast a sawun lauya Edward Carson

Ƙanena da ke aikin likita a Dablin ya daɗe yana min ƙorafi wai kowa a gidanmu ya zo ya ga 'ya'yansa ban da ni, to a watan Oktoban da ya wuce dai Allah ya yi, aka ɗage min wasu shari'o'i zuwa bayan sabuwar shekara na ce bari in lallaɓa. Amma tun a waya na faɗa masa ni fa ba zaman falo zan zo yi ba, akwai mutumin da nake so in bi sawunsa, Edward Carson. Duk wanda ya yi karatun lauya a ƙasar da ta gaji dokar Ingila da wuya bai taɓa jin sunan nan ba in ana maganar iya titsiye mai shaida a kotu. Ya yi dariya ya ce Yaya kai kam ko hutu ka zo sai ka nemo shari'a.

Maganar biza ita ce ta fara nuna min irin aikin da mutumin nan ya bari a baya, don bayan lauyanci ya yi siyasa kuma yana da hannu a raba tsibirin Ayilan gida biyu. Tsibiri ɗaya ne amma ƙasa biyu, kudu Jamhuriyar Ayilan mai babban birni Dablin, arewa kuma Ayilan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya mai babban birni Belfast. Mai koren fasfo irina sai ya riƙe biza biyu, ta Ayilan daban ta Birtaniya daban, kuma bizar Shengen ba ta aiki a ko ɗaya daga ciki. Wani abin da mutane ba sa lura, in bizarka ta Ayilan ta shiga ɗaya ce, da ka tsallaka Belfast ka cinye ta, ko da kuwa a bas ka je ba wanda ya buga maka hatimi. Don haka mai shiga da yawa na nema, ta Birtaniya kuwa dama ina da ita ba ta ƙare ba.

Jirgin ƙasa na hau daga Rigasa zuwa Idu, daga Abuja muka tashi da dare muka yada zango a Istanbul, washegari da rana muka sauka Dablin. Kilishin da uwargida ta ƙulla min a gida na baro shi don ƙanena ya ja min kunne cewa nama ba ya shiga, amma kuka da daddawa da yaji sun samu wucewa. Jami'in shige da fice ya tambaye ni wurin wa na zo, yaushe zan koma, na miƙa masa takardar gayyata da tikitin komawa ya buga min. Ina fitowa waje iska ta mare ni, ba irin sanyin hunturunmu mai busar da leɓe ba, wannan jiƙaƙƙen sanyi ne mai shiga ƙashi, ga yayyafi da ba ya tsayawa kuma ba ya zama ruwan kirki.

A unguwar Lucan suke zaune, yamma da gari, gida mai ɗaki uku da in na faɗi kuɗin hayarsa na wata za a ce sharri nake yi, ya isa mutum ya kama gida na shekara a Unguwar Rimi har ya yi canji. Matarsa ta tarbe ni da tuwon shinkafa da miyar kukar da na kawo, yaran kuma Hausarsu ta tsaya a "Baffa ina wuni" da "Baffa na gode", sauran sai Turanci mai sauri da sai na kasa kunne sosai.

Da na huta na shiga gari ni kaɗai a bas, da katin da ake ɗora wa kuɗi a riƙa taɓawa. Titin Harcourt na fara nema, yana farawa daga kusurwar lambun St Stephen's Green, jirgin ƙasan cikin gari da suke kira Luas yana bi ta tsakiyarsa. A gida mai lamba 4 aka haifi Carson ranar 9 ga Fabrairu 1854. Gidajen jan bulo ne a jere masu dogayen tagogi, babansa mai zanen gine-gine ne, uwarsa kuma 'yar gidan masu filaye ce daga yankin Galway a yamma. 'Yan Furotesta ne a garin da yawancin mutanensa Katolika ne, kuma a wancan zamanin wannan kaɗai ya isa ya nuna maka gefen da yaro zai tsaya in ya girma. Abin da ya sa na yi tsaye ina murmushi ni kaɗai shi ne gida mai lamba 6, ƙofa ɗaya kacal a tsakani. Nan ne ya zama hedikwatar Sinn Féin daga baya, jam'iyyar da ta ja ragamar ɓallewa daga Birtaniya, sannan ya zama ofishin ƙungiyar raya harshen Ayilan. Wato mutumin da ya ƙarar da ransa yana yaƙi da 'yancin Ayilan da mutanen da suka ƙwato 'yancin, maƙwabtan layi ɗaya ne.

Daga nan na gangara da ƙafa zuwa Trinity College, tsohuwar jami'ar da aka kafa a 1592, inda ya yi karatu kuma daga baya ya wakilce ta a majalisar Landan daga 1892 har 1918, don a lokacin jami'ar tana da kujerunta na kanta a majalisa. Tsakar gidan dutse ne aka shimfiɗa, ga ɗalibai ga 'yan yawon buɗe ido kowa da lema. A nan ya yi zamani da Oscar Wilde, marubucin nan, shekararsu ɗaya ta haihuwa. A 1895 suka sake haɗuwa a kotun Old Bailey ta Landan. Wilde ne ya shigar da ƙarar ɓata suna a kan wani basarake, Marquess na Queensberry, da ya zarge shi da neman maza, basaraken kuma ya ɗauki Carson. Carson ya sa tsohon abokin karatunsa a gaba da tambayoyi, Wilde yana ba da amsoshin barkwanci kotu na dariya, shi ko bai yi fushi ba bai yi gaggawa ba, ya bar shi yana burgewa har ya saki baki a kan tambaya ɗaya. A rana ta uku aka janye ƙarar, aka kama Wilde, daga baya aka yanke masa shekara biyu da aiki mai tsanani, ko da yake ba Carson ne ya gabatar da wannan ƙarar ta biyu ba. Mu lauyoyi mun san darasin, kar ka kai ƙarar ɓata suna in ka san akwai abin tonowa. Da na ƙarasa dandalin Merrion sai ga mutum-mutumin Wilde a kishingiɗe kan wani ƙaton dutse da riga mai launi, mutane na layin ɗaukar hoto. Na Carson kuwa duk yawon da na yi a garin haihuwarsa ban ga ko ɗaya ba.

Azahar ta same ni na nufi masallacin da ke South Circular Road, tsohuwar coci ce aka saya aka mayar masallaci, kana ganin ginin ka san haka ne. A kusa da shi na ci shinkafa da naman rago a wani shagon 'yan Pakistan, yuro goma sha biyar, na daina lissafawa da naira tun daga ranar don kar abinci ya ƙi wucewa.

Wata rana ƙanena ba ya aiki ya raka ni King's Inns, makarantar da ke yaye lauyoyi masu tsayawa gaban alƙali, wadda ta samo asali tun 1541. Nan aka kira Carson zuwa aikin lauya a 1877. A harabar akwai wata bishiya da ta girma ta haɗiye bencin ƙarfe, rabin bencin ya shige cikin kututturen sai ƙafafu da ɗan wurin zama suka rage a waje, na zauna a gefen da ya saura aka ɗauke ni hoto. Wani dattijo da ke yawo da karensa ya tsaya muka gaisa, da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ɗaga gira ya ce a gidansu kakarsa ba ta kiran sunan Carson sai ta haɗa da laƙabin da aka yi masa na mai danniya. Dalili kuwa, a shekarun 1880 manoman Ayilan 'yan haya suna rigima da masu filaye kan kuɗin haya da korar mutane daga gonaki, gwamnati ta yi dokar ta-ɓaci a 1887 ƙarƙashin Arthur Balfour, ministan Birtaniya mai kula da Ayilan, Carson kuma shi ne matashin lauyan gwamnati da ke bi gari gari yana gurfanar da shugabannin manoma har da 'yan majalisa. Yana garin Mitchelstown ranar 9 ga Satumban 1887 don shari'ar ɗan majalisa William O'Brien lokacin da 'yan sanda suka buɗe wuta kan taron jama'a, mutum uku suka mutu. Da wannan aikin ya yi suna a wurin manya, ya zama babban lauyan Sarauniya a 1889, ya koma Landan ya zama ɗaya daga cikin lauyoyin da suka fi kowa tsada.

Na ce wa dattijon amma fa akwai shari'ar yaron nan. Ya ce wane yaro, na ba shi labari a tsaye cikin yayyafi. A 1908 aka kori wani yaro ɗan shekara 13, George Archer-Shee, daga makarantar sojan ruwa ta Osborne bisa zargin ya saci takardar kuɗin gidan waya ta sule biyar. Sule biyar fa. Carson ya zaunar da yaron ya yi masa tambayoyi na sa'o'i sai da ya gamsu bai yi ba, sannan ya ɗauki shari'ar. Matsalar ita ce a lokacin ba a kai gwamnatin Sarki ƙara kai tsaye, sai da ya bi wata tsohuwar hanya ta roƙon Sarki ya ba da izini a yi adalci, hukumar sojan ruwa tana ta jan ƙafa, har aka shiga kotu a Yulin 1910, a rana ta huɗu lauyan gwamnati ya miƙe ya amince yaron ba shi da laifi. Yaron ya mutu a yaƙi a 1914 yana da shekara 19. Dattijon ya girgiza kai ya ce to ai da ya tsaya a kotu da ya fi mana, ya ja karensa ya wuce. Muka gangara bakin kogin Liffey muka ga Four Courts, babban ginin kotunansu mai ƙubba, wanda aka yi wa ruwan igwa a Yunin 1922 a farkon yaƙin basasarsu har ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙone. Na ga lauyoyi na fitowa da baƙar riga irin tamu suna jan akwatin fayil, sai na ji kamar ina harabar babbar kotu a gida, bambancin dai su rigar tana musu maganin sanyi mu kuwa gumi muke sha a ciki.

Belfast a bas na tafi don ina so in ga iyakar da idona. Tafiyar awa biyu ce da ɗan kai, kuɗin zuwa da dawowa bai kai na abincin rana biyu ba. Muka bi babbar hanya muka tsallake kogin Boyne kusa da Drogheda, inda aka yi yaƙin 1690 da Sarki William ɗan Furotesta ya ci Sarki James ɗan Katolika, yaƙin da har yau ake fita maci saboda shi duk ranar 12 ga Yuli a arewa. Bayan Dundalk na gyara zama na fito da fasfo na riƙe a hannu, ina jiran shinge, ganga, buhunan yashi, wani ya leƙo ya ce kowa ya sauko. Wallahi ba komai. Motar ko rage gudu ba ta yi ba. Sai matar da ke kusa da ni ta ga ina ta leƙe ta nuna min alamun hanya, ta ce duba, sun koma mil maimakon kilomita, rubutun harshen Ayilan ya ɓace saura Turanci zalla, layin gefen titi da yake rawaya ya koma fari. Can wayata ta yi ƙara, saƙon barka da zuwa Birtaniya. Shi ke nan an shiga wata ƙasa. Ni da na saba daga Kaduna zuwa Zariya ma sai na ƙirga shingaye, abin ya ɗaure min kai. Ta ce tana yarinya akwai sojoji da hasumiyoyin tsaro a kan duwatsun nan, bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 1998 aka bi aka kwashe su. Iyakar ta kai kusan kilomita 500 kuma hanyoyin da ke ratsa ta sun haura 200.

A Belfast na kama ɗaki a wani ƙaramin masauki kusa da jami'ar Queen's, fam tamanin da biyar kwana ɗaya har da karin kumallo. Karin kumallon sai mutum ya yi hattara, farantin nasu cike yake da naman alade da wani baƙin tsiran da ake yi da jini, na ce a ba ni ƙwai da wake da burodinsu na dankali kawai, mai masaukin ta ce ba damuwa ta canja min kasko ma. Kuɗi kuma wani abin mamaki, na ciri fam a na'ura sai ga takardu masu sunan Ulster Bank da Bank of Ireland da Danske Bank, kowane banki da zanensa, na zaci an cuce ni sai aka ce haka abin yake, fam ne dai.

City Hall, babban ginin hukumar birnin da aka buɗe a 1906, yana tsakiyar gari ba ya ɓata. Nan ne labarin ya juya. A 1910 aka naɗa Carson shugaban masu son Ayilan ta ci gaba da zama cikin Birtaniya. Gwamnatin Firaministan Birtaniya Asquith ta jam'iyyar Liberal ba ta da rinjaye sai da ƙuri'un 'yan majalisar Ayilan ƙarƙashin John Redmond, shi ma lauya ne, farashin goyon bayansu kuma shi ne a ba Ayilan majalisarta a Dablin ta riƙa gudanar da harkokin cikin gida. A da majalisar dattawa ce ke kashe irin wannan ƙuduri, amma dokar 1911 ta karɓe mata wannan ikon. Carson ya ga ta majalisa ba za ta yiwu ba, sai ya yi lissafin lauya. 'Yan Furotesta sun fi yawa a arewa maso gabas, nan ne masana'antu suke, saƙa da ƙera jiragen ruwa, in suka ce ba su yarda ba ko da bindiga, to shirin gaba ɗaya zai rushe don Dablin ba za ta iya ba in babu kuɗin Belfast. Shi ba arewa yake so ya cire ba, so yake ya yi amfani da arewa ya hana duka tsibirin tafiya. Mutumin da ba shi da gida ko dangi a nan, mai magana da harshen mutanen Dablin har ya mutu.

Ranar 28 ga Satumban 1912 ya shigo wannan ginin ya fara sa hannu da alƙalamin azurfa a takardar alkawari cewa za su bi duk hanyar da ta kama su hana dokar aiki. Maza 237,368 suka sa hannu, mata 234,046 suka sa a tasu takardar. Teburin da ya sa hannu a kai yana nan a ciki, zagayayye ne na katako, ba wani girma, in ba a faɗa maka ba za ka ɗauka na ajiye furanni ne. Mai yi mana bayani ya ce an daɗe ana cewa wasu da jininsu suka sa hannu, amma da aka gwada sa hannun da aka fi yi wa wannan kirari, na Fred Crawford, sai aka ga da wuya in jini ne. Shi dai Crawford ɗin ba da wasa yake ba. A 1913 aka kafa rundunar sa kai ta Ulster, wato lardin arewacin tsibirin, mai mutum kusan dubu ɗari, a daren 24 ga Afrilun 1914 kuma ya shigo da bindigogi kusan 25,000 da harsasai miliyoyi da aka sayo a Jamus, aka sauke a Larne da wasu tashoshin ruwa biyu aka rarraba a motoci kafin gari ya waye.

A nan ne ni dai a matsayina na lauya abin ya tsaya min a wuya. Tsohon lauyan gwamnati, wanda ya ɗaure manoma don sun ƙi bin doka, shi ne ya kafa runduna don ya ƙi bin dokar da majalisa ta yi. Kuma ba a taɓa shi ba, a 1915 ma aka naɗa shi Antoni Janar, a ƙarshen 1916 ya zama ministan sojan ruwa. Su kuwa 'yan kishin ƙasa a kudu suka ce ashe haka ake yi, su ma suka kafa tasu rundunar a Nuwamban 1913 suka shigo da nasu bindigogin ta tashar ruwan Howth kusa da Dablin. Cikin waɗanda suka shirya wannan akwai Roger Casement, wanda ya taɓa yi wa Turawan mulki aiki a Kalaba tun 1892. Shi an rataye shi a Landan a Agustan 1916 bisa laifin cin amanar ƙasa, wanda ya gabatar da ƙararsa kuma F. E. Smith ne, na hannun daman Carson a gangamin Ulster. Na san za a ce Casement ya haɗa kai da Jamus ana tsakiyar yaƙi, gaskiya ne kuma a doka bambancin ba ƙarami ba ne, amma wanda ya fara shigo da bindiga cikin maganar an san shi.

Da yamma na ɗauki baƙar tasi irin mai zagayawa da baƙi unguwannin rikici, fam arba'in. Direban ya kai ni Shankill ta 'yan Furotesta, tutocin Birtaniya ko'ina har gefen titi an shafa ja da fari da shuɗi, ga zanen fuskar Carson a bango da doguwar haɓarsa. Muka bi ta Cupar Way gefen wata katanga ta kankare da ƙarfe da raga a sama, ta fi gidan bene tsawo, muka ratsa wata ƙofar ƙarfe da ya ce har yanzu ana rufe ta da dare, sai ga mu a Falls ta 'yan Katolika, tutoci sun canja zane ya canja har da tutar Falasɗinu. Rikicin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1998 ya ci rai sama da 3,500. Na ce masa ni daga Kaduna nake, mu ba mu gina katanga ba amma tun rikicin shekarar 2000 kogi ya zama katangarmu, Musulmi suka tattara arewa Kirista suka koma kudu, mutum ya sayar da gidan da aka haife shi ya ƙaura don ya kwana da ido biyu rufe. Ya juyo ya kalle ni ya ce to kai ba sai na yi maka dogon bayani ba. Na tambaye shi shi ɗan wane gefe ne, ya ce in na iya ganewa zuwa ƙarshen tafiyar zai mayar min da kuɗina. Ban karɓi ko kwabo ba.

Washegari na hau doguwar bas mai launin shunayya da suke kira Glider zuwa Stormont, majalisar Ayilan ta Arewa. Daga ƙofa zuwa ginin mil guda ne a miƙe kuma hawa ne, na yi haki sosai kafin in kai. Kafin ka isa ginin, a tsakiyar shataletale, ga Carson na tagulla a kan dogon dutse ya ɗaga hannun dama kamar yana tsaka da jawabi. An buɗe shi a Yulin 1933 yana raye yana wurin. Ginin kansa fari ne mai ginshiƙai shida, ɗaya ga kowace gunduma cikin shidan da suka haɗu suka zama Ayilan ta Arewa, an buɗe shi a 1932, wani ma'aikaci ya ce min lokacin yaƙin duniya na biyu kashin shanu da kwalta aka kwaɓa aka shafe shi da shi don kar jiragen Jamus su hango, aka sha wahala kafin a kankare.

Na zauna a gindin mutum-mutumin ina tunanin wai shin da ya tsaya a nan a 1933 me yake ji. Don wannan majalisar ita ce ainihin abin da ya yi yaƙi da shi, mulkin cikin gida, sai dai na gunduma shida maimakon talatin da biyu. Dokar 1920 ta raba tsibirin, lardin Ulster ma mai gunduma tara aka yanke uku aka bar su a kudu, Donegal da Cavan da Monaghan, duk da mutanensu sun sa hannu a alkawarin 1912, saboda in aka haɗa da su rinjayen Furotesta zai yi rauni. Dablin ɗinsa da Trinity ɗinsa da 'yan uwansa Furotestan kudu duk suka tafi. Aka ba shi shugabancin sabuwar gwamnatin arewa ya ƙi, ya bar wa James Craig a 1921, ya yi musu nasiha su tabbatar Katolika marasa rinjaye ba su da abin tsoro a hannunsu, nasihar da ba a ɗauka ba. A Disambar 1921 da aka kawo yarjejeniyar da ta ba kudu 'yanci, ya miƙe a majalisar dattawa ya ce ashe shi wawa ne, shi da Ulster da Ayilan duk 'yan tsana ne a wasan siyasar da aka shirya don jam'iyyar Conservative ta hau mulki. Ya ƙarasa aikinsa yana alƙali a kotun ƙoli ta Birtaniya daga 1921 zuwa 1929. Yau kuma mai riƙe da kujerar minista ta farko a ginin da ke bayansa Michelle O'Neill ce ta Sinn Féin tun Fabrairun 2024, ƙidayar 2021 kuma ta nuna waɗanda suka tashi a gidan Katolika sun ɗara na Furotesta yawa.

Kafin in bar gari na shiga babbar cocin St Anne da ke titin Donegall, mai wani dogon tsinin ƙarfe a sama. Na biya 'yan fam a ƙofa, wata tsohuwa mai kula da wurin ta ga hulata ta ce in shigo ba komai, ta raka ni har wurin. Ya rasu a gidansa da ke Kent a Ingila ranar 22 ga Oktoban 1935, jirgin ruwan yaƙi ya kawo gawar Belfast aka yi masa jana'izar ƙasa, aka zuba ƙasar gundumomi shida a kan akwatin. Shi kaɗai ne aka binne a cikin cocin. Kabarin shimfiɗaɗɗen dutse ne a ƙasa da ɗan shingen tagulla, an rubuta CARSON kawai. Na ce mata amma mutumin Dablin ne fa, ta ce eh, ai su can ba su neme shi ba.

A hanyar dawowa ne fasfon ya yi amfani. Mun wuce iyaka kaɗan kafin Dundalk aka tsayar da bas ɗin a gefen hanya, jami'ai biyu suka shigo suna duba takardu kujera kujera. Na miƙa nawa, ɗaya ya buɗe shafin bizar ya ga mai shiga da yawa ce, ya duba hatimin filin jirgi ya miƙo min ya ce in ji daɗin hutuna. Wani saurayi a baya aka sauka da shi da jakarsa, motar ta tashi ba shi. Ƙanena na jirana a tasha da mota da jaket ɗin da ya ce tun farko in ɗauka na ƙi, muka biya Moore Street wurin shagunan 'yan Afirka ya sayi doya da manja, doya ɗaya yuro takwas.